Jangalin Wule

Dutsin-Ma, 12 ga Afrilu, 1964

Daga Sabitu, malamin jangali a ofishin hakimi, zuwa ga taubashina kuma bawana, Yero ɗan Gogo, a rugar Barkiya ta ƙasar Kurfi. Gaisuwa mai yawa, irin wadda ubangida ke yi wa bawan da ya daɗe bai zo share masa ƙofa ba.

Ina fata kuna lafiya, kai da iyali da garke. Yaya ƙafar Gogo? Ka ce mata ɗan da ta yaye, ta kuma riƙe har aka kai shi makaranta, yana gaishe ta. Man shanun da ta aiko ta hannun Labaran dillali ya iso, matata Rekiya ta ɓoye shi sai ka ce ni ɓarawo ne a gidana. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai tarin da ya kama ƙaramar yarinyar, shi ma ya yi sauƙi.

Bayan haka, akwai maganar da nake so ka ji daga gare ni kafin ka ji ta a kasuwar Kurfi, inda ake ƙara wa kowane labari gishiri. Bana za a ƙara jangali, sule ɗaya a kan kowace saniya.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in riga ka. An karanta kasafin kuɗin ƙasa, na bi shi a jarida har idona ya yi ja. Abin da za a kashe ya fi abin da zai shigo, wannan ratar ita ake ce wa giɓi. Tun da Turawa suka miƙa mulki, tsaron ƙasa ya dawo kanmu. Ana ƙara ɗaukar soja, ana sayen jiragen sama na yaƙi, an ce har gidan ƙera harsashi ake ginawa a Kaduna. Ƙasa ba ta zama babu soja, kai ma ba ka kwana a garke babu sanda a kusa. Gwamnatin nan kuwa ta dattawa ce, ba ta son girgiza abin da ta tarar. Ba za ta matsa wa manyan attajirai da kamfanoni ba, don in aka matsa musu sai su kwashe jarinsu su bar mu da hamma. Sai a ranto wani abu daga waje, saura kuma Ikko ta matsa Kaduna, Kaduna ta matso mu, mu kuma mu leƙo garkenku. Sule ɗaya dai bai taɓa kashe Bafillace ba.

Af, na samu takarda daga ɗanka Atiku, daga barikin Zariya. Ya gama horo, ya ce ya yi ƙiba, an ba shi takalman da in ya taka ƙasa sai ta amsa. Ka ga ke nan sulenka ba ɓata yake yi ba, yana ƙafar ɗanka.

Yaya Wule, farar saniyata mai baƙin kunne? In na ji ta rame, na rage maka kuɗin sharar bana.

Wassalam. Ubangidanka, Sabitu.

Barkiya, wata na biyar

Daga Yero zuwa ga Malam Sabitu, ubangidan da shekara nawa bai biya shara ba, amma yana barazanar rage ta. Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da sanda ne, kuma ajin yaƙi da jahilci bai koya mini kwana-kwana irin taku ba.

Muna lafiya. Ƙafar Gogo tana nan yadda take, in hadari ya haɗo ta riga kowa sani. Ta ce a gaishe da Rekiya, ta ce kuma ta yi daidai da ta ɓoye man, ita ta san halinka tun kana rarrafe. An yi ruwan fari, na shuka gero a gonar bayan ruga, shanu sun fara ɗaga kai.

Na karanta wa'azinka. Ka ce ƙasa ba ta zama babu sanda. Gaskiya ne, amma sandata ba ta taɓa cinye mini maraƙi ba. Taku tana ci safe da yamma, har an ce ana sayo mata fiffike. Atiku shi ne mai kiwona. An ɗauke mini shi, yanzu kuma an aiko mini da kuɗin takalminsa. Bara an rage mana kuɗin gyaɗa, aka ce ƙasa ce ke bukata. Wace irin rijiya ce wannan da ake ta zuba mata ƙasa tana ƙara zurfi?

Ka ce ana tsoron kada attajiri ya gudu. Malam, attajiri ƙafa biyu gare shi, saniya huɗu. Ba wanda ya lissafa wannan a jaridarku? Tun kafin takardarka ta iso labarin ya zo, kuma maƙwabcinmu Lado ya riga ya tashi da gidansa da na ƙanensa, sun nufi ƙasar Maraɗi. Kullum da yamma a gindin tsamiyar Arɗo ba a wata magana sai ta tashi. Mutane suna zaune amma ƙafafunsu a tsaye suke.

Da ni ma na bi su, ba zan yi maka ƙarya ba. To, amma ga saniyarka a wuyana. Ka tuna shekarar da cutar bushiya ta share mini garke, ka ba ni Wule habbanaye a gaban Arɗo da shaidu: in riƙe ta sai ta haifi uku, 'ya'yan su zama nawa, sannan uwar ta koma gare ka. Biyu sun samu, daga su garkena ya sake tsayawa. Yanzu tana da cikin na uku, sai bayan damina in Allah ya so. Ita nake fara shayarwa, ita nake fara ba kanwa, ita nake fara biya wa jangali, kuma ba a ƙetare iyaka da saniyar habbanaye. Ka ɗaure ni da igiya mai ƙaho, kana can kana shan inuwar ofis.

Da na taɓa wa Gogo maganar tashi, cewa ta yi, "Ina za mu tahi da amanar Sabitu cikin garke? Zamna, kai dai." Ta faɗa tana dariya, don ba ta son barin ƙasar da take jin labarinka duk ranar kasuwa.

Wule ba ta rame ba. Ta fi ka kyan gani.

Naka, Yero, wanda ba bawan kowa ba.

Dutsin-Ma, 20 ga Yuni, 1964

Zuwa ga Yero, bawan da bakinsa ya fi ƙahon bijiminsa tsini. Gaisuwa da fatan shuka ta kama. Nan ruwa ya zauna sosai, har katangar bayan gida ta zube, muna kwana da kunne ɗaya. Yarinyar ta warke sarai. A gaishe mini da Gogo, a ce ta riƙa gasa ƙafar.

Maganar ƙafa huɗu ta sa na yi dariya ni kaɗai, daga baya kuma ta hana ni cin tuwo. Ba zan ɓoye maka ba, giɓin bana ya fi na bara. Rancen da aka ci ya fara neman kuɗin ruwansa, soja kuwa in ka ɗauke shi yau, gobe ma sai ya ci. Ina ganin haka a jarida, ina kuma ganin ba a taɓa manyan ba. Amma ka san ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Wule. Na karanta wurin na sake karantawa. Ka ce tana wuyanka, ka ce na ɗaure ka. Wallahi Yero ban ba ka ita don ta zame maka kaya ba, kuma na ji kunya da na gane duk shekarun nan kai ke biya wa saniyata jangali, ni da nake rubuta shi. Ba na so ka zauna a Barkiya don an ɗaure ka. Ka zauna don gidanka ne.

Ga kuma wani abu. Bana an yi musayar malaman jangali, na Kurfi su zo ƙasarmu, mu mu je tasu, wai don kada kowa ya ƙirga shanun danginsa. Sai ga sunana a kan Wurma da Ɗantutture da Barkiya. Ka duba mini, in zo in ƙirga garken da saniyata ke ciki? Akwai masu hangen kujerata a ofishin nan, abin da suke jira ke nan.

Saboda haka ka ba Labaran ita ya koro mini kafin a fara ƙirga. Kai ka huta da jangalin kai ɗaya, ni in huta da bakin mutane, kowa ya samu sauƙi. Na sa an kafa mata turke a bayan gida.

Tafiya Maraɗi kuwa na san barazanar Fulani ce. Wa zai bar gero a gona, ya ɗauki tsohuwa mai ciwon ƙafa ya shiga ƙasar da ko gaisuwar hukumarta ba ya ji? In na zo ƙirga, ka tanadi nono mai kyau, kada ka tsinka shi da ruwa yadda kuka saba.

Ubangidanka, Sabitu.

Dutsin-Ma, 18 ga Yuli, 1964

Yero, gaisuwa. Lafiya dai? Mu muna lafiya.

Kasuwa ta ci ta sake ci ban ga takardarka ba, ban ga saniya ba. Duk ranar da Labaran ke dawowa daga Kurfi sai in tsinci kaina a bakin tasha, kamar mai jiran amarya. Makon jiya na hango shi, na ɗaga masa hannu, ya yi kamar bai gan ni ba ya shige cikin masu awaki. Jiya na tare shi a ƙofar masallaci. Na ce ya kai takardata? Ya ce ya kai. Na ce lafiyarku? Ya ce lafiya lau. Na ce Gogo fa? Ya ce tana nan. Daga nan ya duƙa yana neman takalminsa, alhali yana ƙafarsa.

Me ke faruwa? In Gogo ce ba lafiya, kada ku ɓoye mini. In maganar nono da ruwa ce ta ɓata maka rai, ai tun muna yara nake faɗa maka wadda ta fi ta. In kuwa Wule ce wani abu ya samu, ka faɗa kawai, dabba ce, ba zan tuhume ka ba.

Na kasa zama wuri ɗaya. Na ɓata takardar ofis har sau biyu yau, babban malami ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Sabitu.

Barkiya, farkon wata na takwas

Zuwa ga Malam Sabitu, malamin jangali. Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fata kuna lafiya.

Takardunka biyu sun iso. Ga saniyarka nan a hannun Labaran. Ka duba ta da kyau a gabansa: ido, haƙori, kofato, baya. Babu tabon duka, babu kaska. Cikinta ya tsufa, don haka na ce ya bi da ita a hankali, shi ya sa za ta kwana a hanya.

Ka tambayi dalilin jinkiri. Abin da aka ɗaura a gaban Arɗo da shaidu, a gabansu ake kwance shi. Sai da na jira suka taru. Na tsaya a gindin tsamiya na ce mai Wule yana son abarsa. Arɗo ya ce, "Ta haihi na ukkun?" Na ce a'a. Ya ce, "To, mi ka yi mata, Yero? Yunwa ka bar ta da ita, ko sayarwa ka yi niyya?" A gaban surukaina ya tambaye ni haka, kuma bai yi laifi ba, dole ya tambaya. Ba a karɓe saniyar habbanaye kafin lokacinta sai in mai riƙo ya ci amana, ko kuwa zumunta ta ƙare. Na ce ban yi ko ɗaya ba. Ya ce to saura ɗayan ke nan. Wato zumunta ta ƙare.

Na yi tsammanin ka san wannan. A rugar nan aka yaye ka.

Ka ce in huta da jangalin kai ɗaya. Ban taɓa biyan kuɗi da daɗin rai ba irin nata. Da na ce ka ɗaure ni, alfahari nake yi, don duk rugar nan ni kaɗai ke riƙe da saniyar ɗan'uwa na birni. Wasa nake da taubashina, ashe da malamin ofis nake magana.

Gogo ce ta tufka igiyar da ke wuyan Wule da hannunta, ta ƙi yarda a mayar maka da ita da tsohuwa. Ga ƙwaryar mai nan kuma, ta Rekiya ce.

Yanzu babu amanar kowa a garkena.

Yero.

Dutsin-Ma, 9 ga Agusta, 1964

Yero, ɗan'uwana. Ina gaishe ka, ina gaishe da Gogo, in za ku amsa.

Wule ta iso lafiya. Ban duba haƙorinta ba, ban duba komai ba, Allah ya kiyashe ni. Na karanta takardarka a tsaye a ƙofar gida. Labaran bai ko zauna ba. Ya miƙo mini igiya ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu har Katsina, ba ka iya tambaya ba? Ko ni da nike dillali, da ka tambaye ni da na hana ka. Ka tuɓe mishi riga a tsakiyar kasuwa." Ya juya ya tafi.

Wallahi tallahi ban sani ba. Na ɗauka aro ne kamar kowane aro, mai abu ya karɓa in ya ga ya yi wa ɗan'uwansa nauyi. Ina ƙarami aka ɗauke ni daga ruga, abin da na riƙe shi ne ɗanɗanon kindirmo da waƙar tatsa, sauran duk makaranta ta wanke. Na je gyaran gira na tsokane ido. Kuma ba zan ce don kai kaɗai na yi ba, na ji tsoron kujerata, ka gani a takardar da idonka.

Na nemi izinin kwana biyu in taho, babban malami ya hana, ya ce gobe ake fara ƙirga, kuma daga sama an ce bana ko kai ɗaya kada ya kuɓuce. An tsara in fara da Wurma, sai Ɗantutture, sannan ku. Ina isowa zan tsaya a gindin tsamiyar nan a gaban Arɗo da surukanka in ce ni na yi wauta, ba kai ka ci amana ba. In mayar maka da ita a gabansu, kowa ya kai ƙarata inda ya ga dama.

Ka jira ni. Don girman Allah kada ka tuge ko turke ɗaya. Wule ta ƙi cin dusa, tana ta kuka tana fuskantar arewa, Rekiya ta ce ta hana unguwa barci.

Sabitu.

Dutsin-Ma, 25 ga Oktoba, 1964

Zuwa ga Yero ɗan Gogo, duk inda takardar nan ta same shi. Na ba fataken shanu masu bi ta Jibiya, na ce su yi ta tambaya a kasuwannin ƙasar Maraɗi. Ina gaishe ku. Mu muna nan da rai.

Na isa Barkiya na tarar da wurin da ruga take. Turaku a tsaye, taki ya fara tsiro, bukkar Gogo ta faɗa ciki. Geronka ya nuna a gona, tsuntsaye na biki. Na tsaya da dogari da littafin ƙirga a hannu, ban san tsawon lokacin da na yi ba, sai da maƙwabcinka Tukur ya zo ya ja ni inuwa.

Na ce ina sauran gidajen? Na san kai na ɓata wa rai, su fa? Ya ce, "Malam, ai kai ka kore su. Da anka ji malamin jangali da kanshi ya janye saniyarshi kahin ƙirga, kowa ya ce wanga ya san abin da ba mu sani ba. Yero na ɗaure kaya, Arɗo ma ya ɗaure." Ya ce takardata ta ƙarshe ta iso bayan kun yi nisa, tana nan a jikin dangarsa. Na karɓo ta, ga ta nan na haɗo maka da wannan. Ya ce a kan takarkari aka ɗora Gogo. Ta bar saƙo wai in na zo a dama mini fura, don ba na iya aiki da yunwa. Matarsa ta dama. Na sha, Yero, ina sha ina kuka kamar yaro, dogari ya kau da kai.

Ka ji yadda lissafin ya tashi. An ƙara sule don a samu ƙari, abin da aka tara a yankin nan bana bai kai na bara ba. Aka ce ba za a aika da ragi sama ba, sai a raba kasonku a kan manoman da suka rage. Ni na rubuta rabon da hannuna, har da sunan Tukur. Yanzu su ma sun fara tambayar hanyar Maraɗi. A jarida kuwa an ce za a sake ranto wani kuɗin, za a kuma ƙara bataliya. Na daina yi wa mutane bayanin giɓi a bakin masallaci. Na gan shi da idona, faɗinsa daidai da rugarku.

Atiku ya rubuto zai zo hutu da sallah, yana so ya nuna wa kakarsa kakinsa. Ban san abin da zan ce masa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan: Wule ta haihu ranar Talata da hantsi. Mace ce, fara, kunnenta baƙi kamar na uwar. Ita ce ta ukun, taka ce. Ka zo ka ɗauka, ko ka faɗa mini inda zan kawo ta, da ita da uwar, ko da zai ci aikina. Ku dawo, Yero. Jangalinka na baɗi a wuyana, na garken duka. Ku dawo mini da Gogo.

Ɗan'uwanka, Sabitu.

Gabas da Maraɗi, bayan ƙaramar sallah

Daga Yero zuwa ga Sabitu. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Rekiya da yara.

Takardarka ta yi yawo kafin ta same mu, ta iso duk maiƙo, amma ta karantu. Muna lafiya. Mun rasa shanu biyu a hanya, sauran sun saba da ciyawar nan. Ƙafar Gogo ta ƙaru, yanzu ba ta zuwa bakin rijiya, sai a fito da ita inuwa da safe a mayar da yamma. Ci ma ya ragu. Hankalinta dai garau.

Kada ka ɗauka aljanna muka zo. Nan ma akwai masu littafi, nan ma suna da sojan da za su ciyar, malaminsu ma ya iya bayani kamar kai. Bambancin kawai ba su gama sanin yawanmu ba tukuna.

Na yafe maka. Na karanta wa Arɗo takardarka, har da wadda ka haɗo ta dangar Tukur, a gaban mutane, ya ce an ji, sunana ya wanku. Amma dawowa babu. Da wane ido zan dubi Tukur, da aka ɗora masa kasona? Kuma albashinka ba zai ɗauki garke ba, baɗi za a sake ƙarawa, kai ma ka sani. Ka gaya wa Atiku inda muke, in soja na da izinin ƙetare iyaka.

Maganar maraƙa kuwa, ni na ce abin da ya faɗo a turken mai saniya nasa ne, a bar ta a wurinka. Gogo ta ce ban isa ba. Ta sa aka kira Arɗo da shaidu har bakin bukkarta, ta ce in rubuta maka yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Tunda ya ba mu, mun amsa, ɗiyar Wule tawa ce. Na ba Sabitu ita habbanaye. Shi fara shayar da ita kahin nashi, kada shi sayar, kada shi yanka, kada shi ba wani riƙo. In ta haihi ukku, ɗiyan nashi ne. Uwar kuwa shi koro mini ita da kanshi, in gan shi."

Na ce mata ba sai an jira haka ba, kana iya zuwa da babbar sallah ka gaishe ta. Ta ce a'a. Ta ce ta riƙe ka shekaru ba ta koya maka abin da ya kamata ba, wannan laifinta ne, kuma ba za ta so ka zo hannu sake kana sunkuyar da kai a gaban mutane ba. Ka zo da saniya a gaba, yadda 'yan'uwa ke zuwa. Shaidu sun ji, an shafa fatiha, ya ɗauru.

Karsana ba ta haihuwar fari sai ta shekara huɗu. Kai ne malamin lissafi. Ka lissafa sauran biyun, sannan ka lissafa shekarun Gogo.

Wassalam. Yero.